Halal a Wannan Gaɓa, Ɗauri a Waccan: Rikicin Lasisin Bindiga a Amurka

Kogi ɗaya ne ya raba birnin Filadelfiya da jihar Niyu Jazi, kuma mai mota kan tsallake gadar cikin 'yan mintoci. A farkon watan Oktoba na 2013, cikin dare, wata mata mai suna Shaneen Allen ta tsallaka. Ma'aikaciyar lafiya ce mai ɗibar jinin gwaji, tana riƙe da 'ya'ya biyu ita kaɗai. Sau biyu 'yan fashi suka tare ta, shi ya sa ta nemi lasisin yawo da bindiga a jiharta ta Fensilbeniya, aka bincike ta, aka ba ta. Bindigar ƙarama ce, sabuwar saye, tana cikin jakarta. A kan hanyar Atlantic City ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin sauya layi. Da ya sunkuyo ta taga, ta miƙa masa lasisin tuƙi, ta haɗa da na bindiga, ta kuma faɗa masa da bakinta cewa akwai bindiga a motar. A ganinta abin da mutumin kirki zai yi ke nan.

A wurin aka sa mata ankwa. Niyu Jazi ba ta san da zaman lasisin kowace jiha ba sai nata, kuma dokarta ta yanka wa irin wannan laifi ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba. Matar ta kwana sama da wata guda a tsare kafin a samu belinta, aikinta ya salwanta. Mai gabatar da ƙara ya ƙi sa ta cikin shirin sassaucin da ake yi wa masu laifin farko, alhali ofishinsa ya amince a sa Ray Rice, ɗan ƙwallon Amurkan nan da ya naushi budurwarsa a cikin lif har ta suma. Sai da jama'a suka yi ca kafin a sassauta mata a watan Satumba na 2014, daga baya Gwamnan Niyu Jazi Chris Christie ya yi mata afuwa a watan Afrilu na 2015.

Duk mai imani ya ji wannan labari zai ce an yi zalunci, ni ma haka na ce. Amma tun daga lokacin sunan wannan baiwar Allah ya zama tutar masu neman a yi dokar tarayya da za ta tilasta wa kowace jiha karɓar lasisin kowace jiha, kuma a nan na rabu da su. Ciwon da suke nunawa gaskiya ne. Maganin da suka jiƙa kuwa ya fi ciwon haɗari, domin sun cire masa sinadari ɗaya da bai kamata a cire ba, wato horo.

Kafin mu kai can, yana da kyau mai karatu ya san cewa ɓoye bindiga a jiki bai daɗe da zama abin alfahari a Amurka ba. Gyara na biyu ga tsarin mulkinsu, wanda ya tabbata a 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami da ɗaukar sa. Duk da haka, tun 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka haramta ɓoye makami a cikin tufa. Tunanin mutanen wancan zamani bai yi nisa da namu ba: wanda ya rataya takobinsa a kafaɗa kowa ya san da shi, wanda ya soke wuƙa a cikin riga kuwa shi ake zargi da mugun nufi. Jihar Bamont kaɗai ta fita daban, kotun ƙolinta ta yanke tun 1903 cewa ba a bukatar izinin kowa. Yawancin sauran jihohi ko dai sun hana gaba ɗaya, ko sun bar abin a hannun shugaban 'yan sanda ko alƙali, ya ba wanda ya ga dama. Niyok ta kafa irin wannan doka a 1911.

Wannan tsari na ganin dama yana da mummunan tarihi, kuma masu son bindiga ba su yi ƙarya ba da suke tuna shi. A 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King a Alabama, ya nemi izinin riƙe bindiga, hukuma ta hana shi. Idan mutumin da aka jefa wa bam bai da dalilin neman kariya, to wa ke da shi? Amsar a aikace ita ce farar fata, mai kuɗi, ko mai uwa a gindin murhu.

Iska ta fara juyawa a 1987, lokacin da Filorida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗan da aka rubuta dole a ba shi lasisi, ko jami'i ya so ko ya ƙi. A watan Oktoba na 1991 wani mutum ya kutsa da mota cikin wani gidan abinci a garin Killeen na Tekzas ya harbe mutum 23. Cikin mamatan akwai iyayen Suzanna Hupp, wadda ta baro bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita. Shaidar da matar nan ta riƙa bayarwa a gaban majalisu ta yi tasiri ƙwarai, kuma a 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisi ta Tekzas. Ilinoi ce ta zo ƙarshe a 2013, ita ma sai da kotu ta murɗe mata hannu. A ranar 23 ga Yuni 2022, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 a shari'ar da ake kira Bruen, ta rushe sharaɗin Niyok na cewa sai mutum ya nuna bukata ta musamman. Daga ranar, fita da bindiga don kare kai ya zama haƙƙin ɗan ƙasa a duk faɗin Amurka.

Sai dai akwai abin da ake yawan tsallakewa a wannan hukunci. Alƙali Brett Kavanaugh, tare da Alƙalin Alƙalai John Roberts, sun rubuta ƙarin bayani cewa jiha tana da damar neman lasisi, da ɗaukar zanen yatsu, da binciken tarihin mutum, da kuma horo kan sarrafa bindiga da dokokin amfani da ƙarfi. Kotun ba ta soke horo ba. Majalisun jihohi ne suka yi ta soke shi da kansu. Alaska ta bi sawun Bamont a 2003, Arizona a 2010, Tekzas a 2021, Filorida a 2023, kuma zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda baligin da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba ya soke ta a ƙugu ya fita, ba lasisi, ba aji, ba gwaji.

To me kalmar lasisi take nufi yanzu? Ya danganta da inda aka buga katin. A Fensilbeniya mutum zai je ofishin sharif, wato babban jami'in tsaron gunduma, ya cika fom, ya biya dala 20, a duba ko yana da tabon laifi, shi ke nan. Ba mai tambayar sa ko ya taɓa jan kunamar bindiga. Jojiya ma ba ta neman horo. A Filorida ana bukatar shaidar horo, kuma dole malami ya ga ɗalibi ya harba, amma doka ba ta faɗi yawan harsasai ko maki ba. A ɗaya ɓangaren, Ilinoi da Merilan da Kalifoniya suna neman awa 16. Niyok, bayan ta sha kaye a kotu, ta yi sabuwar doka a watan Yuli na 2022 mai neman awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi.

Gwajin Tekzas ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana tsakiya, kuma yana nuna abin da ake nufi da mafi ƙarancin ƙwarewa. Bayan awa huɗu zuwa shida na karatu, ɗalibi zai tsaya gaban allo mai siffar ƙirjin mutum da harsashi 50. Zai harba 20 daga nisan yadi uku, wato kusan tsawon ƙaramin ɗaki. Zai ja baya zuwa yadi bakwai ya harba wasu 20, sannan goman ƙarshe daga yadi 15. Ana ƙidaya masa daƙiƙoƙi. Maki 175 cikin 250 ake bukata. Allon ba ya motsi, ba ya ramawa, ga haske, ga malami a gefe. Abin da wannan gwaji yake tacewa shi ne mutumin da bai iya ɗura harsashi ba, da wanda ke juyo bakin bindiga wajen na kusa da shi, da wanda ke runtse ido idan ya harba. Wannan ɗan ƙaramin mataki ne Tekzas ta mayar na ganin dama a 2021.

Sai kuma Yuta, wadda labarinta shi ne zuciyar wannan rigima. Yuta tana ba wanda ba mazauninta ba lasisi. Ajin 'yan awoyi ne, ba harbi ko ɗaya, kuma malaman da ta amince da su suna koyarwa a jihohi daban-daban, ba sai ka taka ƙasar Yuta ba. Katin kuma yana aiki a jihohi sama da 30. Abin da ya biyo baya ba ya bukatar duba: yawancin masu riƙe da lasisin Yuta ba 'yan Yuta ba ne. An samu kasuwa, kowa na neman kati mafi sauƙin samu mai cin jihohi mafi yawa. Bajiniya ma ta daɗe tana karɓar horon intanet, mutum ya kalli bidiyo a ɗakinsa ya amsa 'yan tambayoyi, har sai da ta rufe wannan ƙofa a farkon 2021.

Yadda jihohi ke karɓar lasisin juna kuwa kamar zaren da kaza ta shiga ne. Wasu suna karɓar na kowa. Wasu sai an yi yarjejeniya, ka karɓi nawa in karɓi naka. Wasu suna karɓar katin jiha idan mai shi mazaunin jihar ne, su ƙi shi idan baƙo ne ya saya daga nesa. Niyok da Niyu Jazi da Kalifoniya da Ilinoi da wasu 'yan tsiraru ba sa karɓar na kowa. Jerin ma ba ya zama wuri ɗaya. A 2009 Nebada ta daina karɓar katin Yuta saboda rashin gwajin harbi. A watan Disamba na 2015 Antoni Janar na Bajiniya, Mark Herring, ya ba da sanarwar soke amincewa da lasisin jihohi 25. Kafin sanarwar ta fara aiki, Gwamna Terry McAuliffe ya yi ciniki da 'yan majalisar Rifablikan, aka juya zuwa karɓar na kowace jiha, su kuma suka yarda a raba bindiga da mutumin da kotu ta yi wa iyaka ta dindindin da iyalinsa saboda duka. Cikin 'yan makonni doka ta yi gabas ta dawo yamma. Direban tirela da ya taso daga Tekzas zuwa gaɓar gabas zai iya zama mai bin doka da safe, mai babban laifi da azahar, ya koma mai bin doka da magariba, bindigar tana nan inda take.

Ko inda aka karɓi katinka, ba a karɓi dokar garinku ba, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Gidan harsashin da ke cin fiye da goma halal ne a Tekzas, laifi ne a Niyok da Niyu Jazi da Kalifoniya. A Filorida, tun 2005, wanda aka kai wa hari ba dole ne ya ja da baya ba kafin ya harba. A Niyok, in ba a cikin gidanka kake ba, dole ka kauce matuƙar akwai hanyar kaucewa lafiya. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, kimanin mita 300, kuma rangwamen da ta yi na mai lasisin jihar da makarantar take ne, bai shafi katin baƙo ba. A cikin birni, ina mutum zai bi bai gitta kusa da makaranta ba? Dokar 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa jiha da bindigarsa ta ce sai an zare harsasai an kulle ta inda hannu ba ya kaiwa, kamar but ɗin mota.

Akwai kuma batun abin da za ka faɗa wa ɗan sanda. A Mishigan dole ka sanar da shi nan take. A Minesota sai in ya tambaya. A watan Yuli na 2016, a wajen birnin St. Paul na Minesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, baƙar fata mai shekara 32, ma'aikacin ɗakin cin abincin wata makaranta, mai lasisi cikakke. Cikin ladabi ya ce wa ɗan sandan yana ɗauke da bindiga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ɗan sandan ya harba sau bakwai, budurwar Castile na gefe, 'yarta mai shekara huɗu na kujerar baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka kati kaɗai yana kare mai shi. Haɗuwar ɗan sanda a tsorace da farar hula mai bindiga a bakin titi lokaci ne da ke bukatar kowannensu ya san abin da ɗayan zai yi, kuma jihohi hamsin ba su ma daidaita kan jumlar farko da za a furta ba.

Yanzu ga maganin da ake tallatawa. An gwada shi a Majalisar Dattawa a 2009, ya samu ƙuri'a 58, ya gaza 60 ɗin da ake bukata. A 2013 ya samu 57. A ranar 6 ga Disamba 2017 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin Richard Hudson na Karolina ta Arewa da ƙuri'a 231 a kan 198, ya je Majalisar Dattawa ya kwanta. Hudson ya sake gabatar da shi a 2025, Shugaba Donald Trump kuma ya sha faɗin cewa zai sa hannu. Abin da ƙudirin ya ƙunsa shi ne duk mai lasisin wata jiha zai iya ɗaukar bindigarsa a kowace jiha. Wanda jiharsa ba ta neman lasisi kuwa, katin shaidarsa ya ishe shi. Har ma an ba wanda aka kama bisa kuskure damar kai ƙarar hukuma.

A duba abin da hakan ke nufi a titin Shikago ta jihar Ilinoi. Mazaunin unguwa ya zauna awa 16, ya harba harsashi 30 an ba shi maki, ya biya dala 150. Baƙon da ya sauka jiya daga jihar da ba ta neman komai zai tsaya kusa da shi a layin kanti da bindiga a ƙugu, dokar tarayya na bayansa. Ɗan sandan da ya tsayar da baƙon kuma sai ya san dokokin jihohi hamsin a ka, in ya kuskure a kai shi kotu. Shi ya sa ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta IACP ta daɗe tana adawa da ƙudirin. Jihar da ta fi kowa sakaci ita za ta zama mai yanka wa ƙasa duka ƙa'ida. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yawancin masu goyon bayan ƙudirin su ne masu kare 'yancin jihohi daga katsalandan ɗin Washintan a kan ilimi da lafiya da zaɓe. Idan mutanen Wayomin suna da haƙƙin tsara rayuwarsu daidai da faɗin dajinsu, mutanen Manhatan a birnin Niyok ma suna da haƙƙin tsara tasu daidai da cunkoson jirginsu na ƙarƙashin ƙasa.

Hujjar da masu goyon bayan ƙudirin suka fi ji da ita ita ce ta lasisin tuƙi: katin tuƙin Ohayo yana aiki a Kalifoniya, me zai hana na bindiga? Hujja ce mai daɗin ji, amma in aka bi ta zuwa ƙarshe, ni take goya wa baya. Ana karɓar lasisin tuƙin juna ne domin babu jihar da ke miƙa wa sabon direba kati ba tare da gwaji ba. Inda aka samu sakaci kuma, an san abin da aka yi. Kafin 1986 direbobin manyan motoci kan tara lasisi daga jihohi da yawa don ɓoye laifuffukansu, wasu jihohin ma ba sa gwada mutum a kan irin motar da zai ja. Majalisa ta kafa mafi ƙarancin ma'auni na ƙasa baki ɗaya, direba ɗaya kati ɗaya, sannan katin ya ci ko'ina. Ma'auni aka fara kafawa, amincewa ta biyo baya.

Akwai misali ma da ya fi wannan kusa. A 2004 Majalisa ta yi dokar da ta ba 'yan sanda, masu ci da masu ritaya, damar ɗaukar bindiga a duk jihohi. Amma ta gindaya wa mai ritaya sharaɗi: sai ya ci gwajin harbi cikin watanni 12 da suka wuce, kowace shekara, da kuɗin aljihunsa. Mutumin da ya yi shekaru yana kwana yana tashi da bindiga an ce ya sake tabbatar da hannunsa duk shekara. Da wane hankali za a yafe wa wanda bai taɓa harbawa ba?

Za a ce, to ina shaidar cewa horon yana rage ɓarna? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye abin da ke hannun ɗaya ɓangaren ba. Alƙaluman da hukumar tsaron Tekzas ke fitarwa duk shekara suna nuna masu lasisi ba su kai kashi 1 cikin 100 na waɗanda ake yanke wa hukunci ba. A watan Yuli na 2022, a wata babbar kasuwar zamani a Greenwood ta Indiyana, wani matashi mai shekara 22 ya harbe ɗan bindigar da ya riga ya kashe mutum uku, cikin daƙiƙa 15 da fara harbin. Bai yi aikin soja ko ɗan sanda ba, kakansa ne ya koya masa harbi. Ya ceci rayuka, ba mai musun wannan. Masana kuma sun daɗe suna kokawa da juna. John Lott ya ce a littafinsa na 1998 yawaitar bindiga a hannun mutanen kirki na rage laifi. John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun fito a 2019 da akasin haka, cewa bayan shekara goma da sassauta doka, laifukan zubar da jini kan fi yadda da za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin 100.

Amma a lura, kyakkyawan tarihin masu lasisin Tekzas tarihi ne na mutanen da aka tace, aka zaunar a aji, aka gwada. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon rariya a kafa hujjar jefar da rariyar. Matashin Indiyana ma horo ya samu, a gida. Kan batun harbi a cikin jama'a kuwa, ga abin da ya kamata ya sanyaya jikin kowa: binciken da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan Niyok ya gano cewa tsakanin 1998 da 2006, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasansu ne ke samun wanda aka nufa. A watan Agusta na 2012, a gindin dogon benen Empire State, 'yan sanda biyu sun harba harsashi 16 kan mutum ɗaya, suka kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni. Waɗannan masu horo ke nan. Harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa a iska, yana da inda zai sauka.

A wurina ma saiti ba shi ne babban amfanin aji ba. Babban amfaninsa shi ne a zaunar da mutum a gaya masa lokacin da bai halatta ya zaro ba: ba a kan rigimar wurin ajiye mota ba, ba a kan zagi ba, ba a bayan ɓarawon da ya riga ya juya yana gudu ba. A gaya masa yadda zai kulle ta a gida inda yaro ba zai kai ba. A gaya masa cewa a 2021 bindiga ta ci rai sama da 48,000 a Amurka, fiye da rabi kuma masu ita ne suka juya ta kansu, don ya san ranar da ya kamata ya ba ɗan'uwa ajiyarta.

Jihohi masu tsauri su ma suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. A birnin Niyok kuɗin fom kaɗai dala 340 ne, ban da na zanen yatsu, ban da na malami, ban da kwana biyu ko uku da mai aikin awa zai rasa albashinsu. Lauya da ɗan kasuwa ba za su ji a jikinsu ba. Mai goge-goge a asibiti da ke dawowa gida ƙarfe biyun dare, wadda ta fi su bukatar kariya, ita za ta haƙura. Idan aka tsawaita awoyi aka tsauwala kuɗi don a gajiyar da talaka, an dawo da tsarin da ya hana Martin Luther King, an sauya masa riga kawai. Haka nan dokar da ke kallon uwa mai kati a hannu da ɗan fashi da ido ɗaya, ta yanka musu ɗauri iri ɗaya, ita ke ba masu ƙudirin Hudson makamin yaƙi.

Abin da nake gani ya dace ba mai wuya ba ne a faɗa. Majalisa ta kafa ma'auni ɗaya na lasisin tafiya: binciken tarihi, yini guda na karatu kan dokar kare kai da ajiya da mu'amala da 'yan sanda, gwajin harbi na gaske irin na Tekzas, da sabuntawa bayan 'yan shekaru, a kan kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya. Jihar da ta ga dama ta ci gaba da barin mutanenta ba lasisi a cikin iyakarta. Wanda ke son tsallake iyaka da bindiga ya ɗauki wannan kati, kowace jiha kuma ta karɓe shi, shi kuma ya bi dokar wuraren da ta hana. Mai katin da ya yi kuskuren iyaka ba da mugun nufi ba a ci shi tara, kada a kai shi gidan yari. Na san ƙungiyoyin masu son bindiga za su ce haƙƙi ba ya bukatar jarrabawa, Niyok da Kalifoniya kuma za su ce yini guda ya yi kaɗan. Kowane ɓangare yana samun kuɗin kamfe da ƙuri'a daga ci gaban rigimar, shi ya sa ba a cika jin mai kawo wannan shawara a zauren majalisa ba.

Mu ma a Najeriya zancen bai yi mana nisa ba. A makon da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin Bruen, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindigar daji, ta kuma ce za ta raba fom ta hannun masarautu. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, domin a dokar makamai ta 1959 lasisi na hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda. Wanda aka kore wa shanu aka sace wa mata ba zai ji daɗin wa'azin haƙuri ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai muhawarar ta tsaya kan wa ke da ikon ba da takarda, ba a ji ana tambayar wa zai koyar, wa zai gwada, wa zai karɓe bindigar idan mai ita ya fara sasanta tsohuwar gaba da ita. Abin da ya biyo bayan aikin wasu 'yan sa-kai a yankin ya isa ya sa a yi waɗannan tambayoyi tun kafin a buga fom. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Amurka kuma, musamman masu jan tasi da tirela, su sani cewa mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga in ban da 'yan togaciya kaɗan, kuma laifin bindiga na iya jawo wa ko mai katin zama na dindindin kora daga ƙasar.

Shaneen Allen ta ce ba ta san katinta ba ya aiki a tsallaken kogi ba, kuma na yarda da ita, domin wanda ya sani ba zai miƙa kansa ga ɗan sanda ba. Jihar da ta ba ta katin ba ta wajabta mata zaman aji ko na awa ɗaya ba, inda malami zai buɗe taswira ya nuna mata inda lasisin ya ƙare. Fensilbeniya tana nan tana ba da katinta a kan dala 20 ba tare da horo ba, Niyu Jazi kuma tana nan ba ta karɓar sa.